Kujerar da Ba Ta Sauka Ba

Auta ya shiga jirgin sama ya fi a ƙirga, amma bai taɓa tashi daga ƙasa ba. Shara yake yi. Idan babban jirgin nan mai zuwa daga birnin bayan teku ya sauka da hantsi, fasinjoji suka gama jan ƙafa suka fita da kumburarrun idanu, sai a buɗe wa masu shara ƙofar baya, su hau da ledoji da safar hannu da injin zuƙe ƙura. Kafin rana ta yi sanyi jirgin ya cika da wasu mutanen, ya koma inda ya fito.

Aikin yana da ƙa'ida. Kowa da layinsa. A kwashe barguna, a zazzage aljihun kujera, a goge tiren cin abinci, a ɗaga marufin taga. Daga ƙarshe a gicciya bel a kan kujera, ɓari kan ɓari. Gicciyen nan shi ne shaidar an gama. Shugabarsu, wadda suke kira Uwar Agogo don ba ta iya magana sai ta dubi tsintsiyar hannunta, ba ta leƙa ƙasa, ba ta duba sama. Bel take bi da ido, tun daga gaba har wutsiya.

Wancan birnin shi ya ci Yaya, wan Auta. Shekaru ya yi a can yana aikin gini, yana aiko da murya ta waya. Wata rana wayar ta yi ƙara, muryar da ta fito ba tasa ba ce, ta abokin ɗakinsa ce. Zazzaɓi ne, in ji shi, ya kwanta bai tashi ba. Aka binne shi can, a ƙasar da ba wanda ya san sunan uwarsa.

Inna ba ta yi kuka ba. Gwaggo, ƙanwar marigayi mahaifinsu, ita ta yi na mutum biyu. Da masu gaisuwa suka ɗauke ƙafa, Inna ta kira Auta.

"Kai da kake aikin jirgi. Nawa ne nisan?"

"Nisan ina, Inna?"

"Kada ka mayar da ni yarinya."

Ya faɗa mata abin da ya saba gani a allunan bayan kujeru: kilomita dubu tara da ɗoriya. In an tashi da yamma, sai gari ya waye ake sauka.

"Duk teku?"

"Yawanci."

Ta jinjina kai. "Ashe ma ba nisa."

Ta ja kujerarta mai hannu zuwa bakin taga ta zauna. Gidansu a hawa na uku yake, ba abin gani ta tagar sai rufin mutane da tankunan ruwa da igiyoyin shanya. Auta ya ce a ransa kowa da irin kukansa, ya ƙyale ta.

Kamfanin yana da jirage uku a wannan hanyar. Ɗaya daga cikinsu masu shara sun raɗa masa suna Tsoho, saboda kafet ɗinsa ya koɗe, ƙofar banɗakinsa na baya kuma tana kuka kamar akuya. Layukan ƙarshe na Tsoho, hannun hagu, na Auta ne. A nan ya same ta, kujerar kusa da taga, layi na biyu daga wutsiya.

Bel ɗinta a ɗaure yake. Wannan ba sabon abu ba ne, akwai fasinjan da kan ɗaure shi a bayansa don kada a dame shi. Amma wannan bai kwanta a kan kujerar ba. Ya yi ɗan kumbo, ya tsaya a iska, kamar ya zagaye cikin wani.

Ga allon kuma. In jirgi yana ƙasa, duk alluna tambarin kamfani suke nunawa. Wannan shi kaɗai yana nuna taswira. Ba ƙasa, ba tsibiri, shuɗi ne zalla, da ɗan farin jirgi a tsakiya. A ƙasan allon akwai rubutu da harshen mutanen can, wanda Auta ba ya karantawa, sai lamba, wadda kowa ke karantawa. Dubu takwas da wani abu.

"Dogo, zo ka gani."

Dogo, mai layin dama, ya sunkuyo da kansa don kada ya bugi ma'ajiyar kaya. Ya dubi bel, ya dubi allo.

"Wannan fasinjan ya fi kowa bin doka," ya ce. "Ranka ya daɗe, an iso. A sauka haka nan, talakawa za su yi shara."

"Da gaske nake."

"Ni ma da gaske nake. Allon ya haukace ne. In kai ne kake zirga-zirga a kan teku kullum ba hutu, ai da ka fi shi."

Auta ya miƙa hannu zai kwance bel ɗin. Wurin da sanyi, ba irin na na'urar sanyaya jirgi ba, irin wanda kan fito in an buɗe firji. Ya janye hannun. Ya ɗauki matashi ya jingina a kai yadda ƙarfen ba zai fito ba, ya wuce kujera ta gaba.

A bakin ƙofa ya tambayi wata ma'aikaciyar jirgin da ke jan akwatinta, wa ya zauna a can baya. Ta ce ba kowa. Allon ya ƙi canzawa tun tashi, sun mayar da mai kujerar wani wuri, sun rubuta a gyara.

Da Tsoho ya sake zagayowa, can ya fara nufa. Bel a ɗaure. Shuɗi zalla. Lambar ta ragu.

Ba raguwar kirki ba. Jirgin ya je ya dawo, ya haɗiye tekun sau biyu, amma ɗan farin jirgin da ke cikin allon bai ci ko kashi ɗaya cikin goma na hanyar ba. Tafiyarsa daban ce, a hankali, kamar ta mai ɗauke da kaya. Zuwa na gaba ma ta ragu. Na gaba da shi ma haka.

Auta ba mai yawan magana ba ne, ko da kansa. Amma lissafin bai yi masa wuya ba. Abin ya fara ne bayan rasuwar. Hanyar kuma ita ce hanyar da ta tafi da Yaya. An binne mutum inda ba nasa, uwarsa ta zauna a bakin taga tana jira. To wa zai ɗaure bel a kujerar da ba a sayar ba, ya doshi teku a hankali haka? Bai ce da kansa ya yarda ba. Ya dai daina taɓa kujerar. Har ya koma kafin ya wuce ta sai ya ce, ciki-ciki, "Sannu da hanya."

Uwar Agogo ta kama shi a karo na uku.

"Auta! Wannan fa? Surukarka ce a zaune da kake jin kunyarta?"

"Kujerar a rufe take, ba a sayar da ita. Na ga kamar ba sai…"

"Kai ka ga? Ni na ɗauke ka aiki don ka riƙa gani?" Ta dubi agogo. "Gicciya min shi."

Ya ce to. Ta juya tana yi wa wani ihu a gaba, ya shimfiɗa bargo a kai ya bar shi. Daga ranar ya koyi tsayawa a daidai wurin in tana zagaye, yana goge tiren da ya riga ya goge.

Injiniyan da ke kula da alluna mutum ne mai ƙiba, mai ciwon baya, wanda ya tsani tafiya har wutsiyar jirgi. Ranar da ya hau da jakar kayan aikinsa yana haki, Auta ya tare shi a tsakiya.

"Na can baya ne? Ai ya gyaru. Na taɓa shi ɗazu ya dawo daidai."

"Allah ya yi maka albarka, ɗan nan," in ji Injiniya, ya juya tun kafin ya rufe baki.

A gida kuwa Inna tana ƙarewa.

Ba ciwon da za a nuna da yatsa. Ta daina kwanciya, a kujerar take gyangyaɗi, kai a jingine da bango, hannuwa a kan cinya. Ƙafafunta suka kumbura har silifas ya daina shiga. Kullum sanyi, ko ana zafin da fanka ke hura wuta, sai an lulluɓe ta da bargo zuwa wuya. Takan yi hamma, ta haɗiye yawu, ta danna bayan kunne da yatsa.

"Wai ba kwa jin ƙugin nan?" Da ƙarfi take magana yanzu, kamar mai kiran na tsallaken titi.

"Firjin maƙwabta ne," in ji Gwaggo, wadda ta tare a gidan don jinya. "Ko kuma cikinki ne, tunda kin ƙi ci. Dubi yadda kike cin abinci, gwiwar hannu a matse kamar baƙuwa. Wa zai ƙwace miki? Saki jiki, matar yayana, ɗakinki ne."

Suka kai ta asibiti. Likita ya auna abin da zai auna, ya ce jini ya ɗan hau, sauran damuwa ce, a rage gishiri, ta riƙa taka ƙafa. A hanyar dawowa ta riƙe hannun Auta gam, tana tafiya kamar ƙasa na gocewa. Suna shiga ta koma kujerarta, ta yi ajiyar zuciya irin ta wanda ya dawo daga banɗaki ya tarar ba a zauna masa a wuri ba.

Kullum in ya taso daga aiki shi ke shafa mata man zafi a ƙafa. Wata yamma yana durƙushe yana yi, tana riƙe da kofin shayi, sai ta ƙanƙame hannun kujerar da ɗaya hannun. Ya ɗaga kai. Shayin yana rawa a cikin kofi, yana dukan gefe da gefe, har ya fallatsa a kan bargon. Hannunta kuwa bai motsa ba. Ƙasa ba ta motsa ba. Ruwan da ke cikin kwano kusa da gwiwarsa shiru yake kamar madubi.

"Zai wuce," ta ce, idonta a rufe. "Yakan yi haka."

Tausayinta ya kama shi, ya ga bai kamata ya riƙe albishir shi kaɗai ba. Ya matso da baki kusa da kunnenta.

"Inna, ki daure. Yaya yana hanya."

Ta daɗe kafin ta amsa, kamar maganar sai da ta yi tafiya kafin ta same ta. Ta buɗe ido ta dube shi da tausayi, irin kallon da ake yi wa yaron da ya sa riga a baibai.

"Matsa, Auta," ta ce. "Kana tare min taga."

Lambar ta sauko daga dubbai ta shiga ɗaruruwa. Ranar da Auta ya ga haka ya tsaya a kan kujerar fiye da kima, don abu ya sauya. A gefen allon shuɗin ya ƙare, wani ɗan ɓari ruwan ƙasa ya leƙo. Gaɓar teku. Ya sunkuya yana neman abin da zai gane, bai gane komai ba. Gaɓar ta yi ƙahonni da lunguna, tasu kuwa miƙaƙƙiya ce a taswira kamar an ja da rula.

"Ashe nan ka ɓoye min aiki."

Injiniya ne, yana dafe da ƙugu. Ma'aikatan jirgi sun sake kai ƙara, an yi masa faɗa a ofis.

"Kai ka ce ya gyaru, ko? Yaran zamani. Matsa in gani." Ya zauna a kujerar gefe da nishi, ya gyara tabarau. "Iko sai Allah. Wannan ai ya maƙale a tafiya."

"Ya kusa isowa," in ji Auta, kafin ya kama bakinsa.

"Isowa ina? Tafiya na ce maka." Ya ɗora yatsa a kan rubutun da ke ƙasa. "Nan an rubuta inda aka tashi, garinmu ke nan. Nan kuma inda za a sauka, wancan birnin. Lambar nan abin da ya rage ne a kai can. Ba zuwa yake ba, ɗan nan, tafiya yake."

Auta ya sake duban allon. Ya ji jirgin ya yi masa faɗi, muryoyin abokan aikinsa sun yi nisa. Ya ɗaga bargon da ya saba rufe bel da shi, sabo fil daga leda ya ciro shi ɗazu, ya kai hanci. Man zafi. Ya sunsuni hannunsa, yana cikin safar roba, ba komai sai warin sabulun aiki. Ya sake sunsunar bargon.

Rashin sani ya fi dare duhu. Shi ya tsaya a gaban kujerar nan yana gadi. Shi ya kori mai gyara. Shi yake cewa sannu da hanya.

"A gyara shi," ya ce. "Yanzu."

"Yau kuma kai ne mai gaggawa? Akwatinsa a ƙarƙashin kujera yake, sai an kwance murfi, an zare waya, an mayar, ya manta inda yake ya fara daga farko. Ka ga ana loda abinci. In na buɗe wurin nan yanzu Uwar Agogo ta cinye ni ɗanye. Sai ya dawo."

"In ya fara daga farko, ina zai koma?"

"Inda jirgi yake mana. Nan."

Da yamma ya tarar Gwaggo ta fita sayen magani. Inna tana zaune a miƙe, ba ta jingina ba. Ta ninke bargon ta ɗora a cinya, ta ɗaure ɗankwalinta da kyau. Fuskarta ta yi wani haske da ya daɗe bai gani ba, kuma hasken bai yi masa daɗi ba.

Ya durƙusa a gabanta. Bai ɗauko man zafin ba.

"Inna, ina za ki?"

Sai can maganar ta same ta.

"Ka sani."

"Ba a tambaye ni ba."

"Da kai aka yi shawara da za a haife ka?" Ta ɗan yi murmushi. "Kai ƙafafunka suna ƙasa. Kana da aiki, kana da Gwaggonka mai surutu, gobe ka yi mata. Shi fa? Ko ruwa ba wanda ya ba shi da hannun da ya sani. Yaron da ba ya iya barci sai an bar masa ƙofa a buɗe."

"Ya rasu, Inna."

"Na ce maka bai rasu ba ne?"

"To ni fa?"

Bai san da ƙarfi ya faɗa ba sai da ya ji muryarsa ta dawo masa daga bango. Ta ɗora hannu a kansa. Tafin da sanyi.

"Kai kullum kana kusa," ta ce. "Shi ya sa ba ka san nisa ba." Ta haɗiye yawu, ta yamutsa fuska, ta taɓa kunne. "Mun fara yin ƙasa. An ce kowa ya gyara zama."

Kwanakin da suka biyo baya wasu jiragen ne suka zo, ba Tsoho ba. Auta ya yi sharar kamar wanda aka ɗaure wa dutse. Dogo ya yi ta tsokanarsa, wai ko budurwa ce ta ce ya turo. Inna ta daina karɓar ko shayi. Ta ce a ɗauke tiren.

Ranar da Tsoho ya sauka, Auta bai jira an gama buɗe ƙofar baya ba. Ya tsallake ledoji ya isa wutsiya. Babu sauran shuɗi a allon. Ƙasa ce, da zanen tituna kamar jijiyoyi, ɗan farin jirgin yana dab da wani ɗigo. Lambar ta koma ƙasa da ɗari, kuma a karon farko yana kallo ta sauya. Ta sake sauyawa.

Ya sauka da gudu, ya samo Injiniya a inuwar fiffike yana shan ruwa, ya ɗauki jakar kayan aikin da kansa.

"Kai, a hankali! Gobara ake yi?"

"Don Allah, Baba."

Wataƙila kiransa Baba da ya yi ne ya yi aiki. Injiniya ya biyo shi yana mita. A wutsiya ya gwada durƙusawa, bayansa ya ce bai san zancen ba. Ya miƙa wa Auta sukundireba da tocila.

"Shiga kai, tunda kai ka matsu. Murfi ne baƙi, ƙusoshi huɗu. In ka buɗe za ka ga waya mai kauri da kai mai faɗi. Danna gefenta ka zare. Ka ɗan jira, ka mayar."

Auta ya kwanta a kan kafet ya cusa kai da kafaɗa a tsakanin kujerun. Sanyin yana nan, a ƙasa ma ya fi. Ya kwance ƙusoshin, ɗaya ta gangara ta ɓace. Ga wayar. Ya kama kanta.

Sai wani abu ya sauka a kan tsintsiyar hannunsa.

Ba nauyi. Ba a taka shi ba, an dai ɗora ne. Tocilar ba ta nuna komai ba sai hannunsa da ƙura. Amma ya san diddigen nan. Ya san faso ɗin da ke gefensa, ya san kumburin idon sawun, kullum da yamma a tafinsa suke. Diddigen ya ɗan danna, a hankali, yadda takan yi masa a ƙarƙashin tebur yana yaro in ya miƙa hannu ga abin da ba nasa ba.

"Ka samu?" in ji Injiniya daga sama.

Auta ya rufe ido. Ya tuna fuskarta mai hasken nan. Ya tuna ɗakin da zai koma, da kujerar, da tagar. Ya nemi dalilin da ya fi nata, bai samu ba. Nasa ɗaya ne, kuma ba mai kyau ba ne: ba ya so.

Ya danna ya zare.

Nauyin ya ɗauke. Wani abu ya yi ƙara a sama, ƙarfe a kan ƙarfe, Injiniya ya ce, "A'a!" Auta ya jira, ya mayar da wayar, ya ɗaure ƙusoshi uku. Da ya fito allon ya yi baƙi, ya yi fari, ya kawo tambarin kamfani kamar sauran. Injiniya yana tsaye a tsakiyar hanya, ya ja baya da taku biyu, yana goge tabarau da gefen riga.

"Ya yi," ya ce, bai dubi kujerar ba. "Kawo kayana."

Tun daga matakalar hawa na biyu Auta ya jiyo muryar Gwaggo, ya tsaya ya dafa bango. Sai ya gane dariya take yi.

"Shigo ka ga ikon Allah! Ina wanke-wanke da rana na ji ta ce wash, na rugo na ce shi ke nan. Sai na tarar da ita a tsaye, wai yunwa take ji. Yunwa! Ta cinye nata ta cinye nawa, yanzu naka take hari. Maganin nan na jiya ne, na faɗa muku mai kantin ya san aikinsa. Bari in je in gaya wa mutanen ƙasa, sun yi ta tambaya."

Ta fita tana gyara mayafi. Inna tana tsakiyar ɗaki da tsintsiya. An mayar da kujerar wurinta na da, jikin bango. Ta share inda ƙafafun kujerar suka yi shaida a bakin taga, ta kwashe, ta wanke hannu. Ta zubo masa abinci ta ajiye a tebur, ta zauna a gabansa. Da muryarta ta da ta yi magana, ƙasa-ƙasa.

"An juyo da mu."

Ya dubi kwanon.

"Har an fito da tayoyi, na ji su. Na ga fitilun garin, da motoci ƙanana kamar tururuwa. Akwai wani dogon gini mai gilashi, mutane a tsaye suna kallon masu sauka." Ta gyara cokalin da ke gefen kwanon, ta daidaita shi. "Ya rame. Amma shi ne. Ya ɗaga hannu."

"Inna…"

"Ban tambaye ka komai ba."

A waje wani yana kiran mai gyaran tanki, wata tana kwashe shanya. Ta dube shi, ba fushi a fuskarta, kuma da fushin ne da ya fi masa sauƙi.

"Na yi ta kuka a hanyar dawowa," ta ce. "Wadda ke kusa da ni ta ce in yi haƙuri, yakan faru, wani lokacin daga ƙasa ake hana sauka. Ta ce ba a mayar wa mutum da komai, amma tikitin ba ya mutuwa."

Ta tura masa kwanon.

"Ci. Ka yi aiki yau."

Ya ɗauki cokali. Abincin da zafi, gishiri ya ji daidai, hannunta ne ba na Gwaggo ba. Ta zuba masa ido har ya cinye, ta ƙara masa, ya cinye wannan ma.